Daga Libreville Zuwa Tsibirin Man: Yadda Ake Shirya Tafiya Kallon Tseren Babura

[Kiɗan buɗe shiri, sannan ya lafa]

 Ina gaida 'yan'uwa na nan Libreville, na Mont-Bouët da Nkembo da Akébé da Lalala da Nzeng-Ayong, da na Owendo, har zuwa Oyem da Bitam.   

Yau shirin na masu sha'awar babur ne, da iyayensu, da duk wanda ke bin titi. A majalisun matasa za ka ga ana miƙa wa juna waya, ana kallon wani ɗan gajeren bidiyo: titi ne irin na cikin gari, ga gidaje dama da hagu, ga mutane zaune a kan katanga, sai babur ya gilma kafin ka ƙifta ido. Daga nan tambayoyi su biyo baya. Wace ƙasa ce wannan? Ya aka yi hukuma ta yarda? Mutumin da ke zaune a Gabon zai iya zuwa ya gani da idonsa?

Wurin sunansa Tsibirin Man, gasar kuma ita ce TT, wadda ake yi kowace shekara daga ƙarshen watan Mayu zuwa farkon Yuni. Zuwa kallonta abu ne mai yiwuwa ga mai hali, amma ku riƙe wannan tun daga farko: gudun da ake gani na 'yan mintoci ne, shirin da ke bayansa na shekara guda ne, ga mahayi, ga hukuma, ga ɗan kallo. Wannan shirin shi ne abin da nake so mu tsaya a kansa yau.

[Ɗan gajeren kiɗa]

Tsibirin Man yana tsakiyar tekun da ya raba Ingila da Ailan. Ƙaramin wuri ne, faɗinsa murabba'in kilomita 572, mutanensa wajen 84,000 a ƙidayar 2021. Babban birninsa Douglas. Yana ƙarƙashin sarautar Ingila, amma majalisar Landan ba ita ke yi masa dokokin cikin gida ba. Yana da tasa majalisar mai suna Tynwald, wadda mutanen tsibirin ke alfahari da cewa ta haura shekara 1,000 tana zama.

Wannan 'yancin yin doka shi ya haifi gasar. A 1903 dokar Birtaniya ta ƙayyade gudun mota a kan mil 20 a awa, wato kilomita 32, kuma ba a yarda a yi tsere a kan hanyar jama'a ba. Masu ƙera motoci suna neman inda za su gwada kayansu, sai suka ƙetara tsibirin. A 1904 Tynwald ta yi dokar da ta halatta rufe tituna domin tsere. Motoci ne suka fara, gasar TT ta babura ta biyo baya ranar 28 ga Mayu, 1907. A ranar, Charlie Collier ya yi nasara a rukunin babura masu silinda ɗaya a kan babur ƙirar Matchless, yana gudun kilomita 61 a awa idan aka daidaita, Rem Fowler kuma ya ci rukunin masu silinda biyu a kan Norton. A 1911 aka koma hanyar da ke bi ta gefen dutsen Snaefell, wadda ake amfani da ita har gobe.

Akwai wani ɓangare na tarihin da ya shafe mu kai tsaye. A 1954 wani Bajapane mai ƙaramin kamfani, Soichiro Honda, ya shelanta cewa zai kai baburansa wannan gasa. Ya je ya gani, ya tarar injinan Turai sun yi masa nisa ƙwarai, ya koma gida ya duƙufa. Sai a 1959 baburan Honda suka shiga, a 1961 kuma Mike Hailwood ya ci musu tsere biyu. Suzuki ta samu nata nasarar farko a 1962. Baburan Japan da suka zo suka cika titunan Kano da Katsina da Maraɗi, waɗanda iyayenmu suka hau zuwa kasuwa da gona, a wannan tsibiri kamfanoninsu suka fara yin suna a duniya.

[Kiɗa]

To, yaya hanyar take? Zagaye ɗaya kilomita 60.7 ne. Mu da muka san tafiyar Libreville zuwa Ntoum, wadda ta kusa kilomita 40, sai mu ƙara mata rabinta. Lanƙwasa a hanyar ta haura 200. Ana tashi daga titin Glencrutchery a Douglas, a ratsa ƙauyuka, a kai garin Ramsey a arewa, a hau dutse har sama da mita 400, sannan a gangaro inda aka faro. A 1957 Bob McIntyre ya zama na farko da ya zagaye ta da gudun mil 100 a awa, wato kilomita 160. A 2023 Peter Hickman ya zagaye ta a kan BMW cikin minti 16 da daƙiƙa 36, wato kilomita 219 a awa, har da lanƙwasa da hawan dutse a cikin lissafin.

Ba a sakin mahaya gaba ɗaya. Ɗaya bayan ɗaya ake sallamarsu, tsakanin kowane biyu daƙiƙa 10, kowa da agogo yake tsere. Saboda haka wanda ya fara wucewa ta gabanka ba lallai shi ke kan gaba ba, sai ka saurari rediyo za ka san wanda ke jan ragama. Manyan tseren zagaye 6 ne, kilomita 364, ana tsayawa shan mai da canjin taya bayan kowane zagaye biyu. Akwai kuma rukunin babura masu ƙafa uku, inda mutum na biyu ke kwantawa dama da hagu domin ya daidaita nauyi a lanƙwasa.

Bari in kai ku gangaren Bray Hill, daf da wurin tashi. Unguwa ce ta gidajen zama, kowane gida da 'yar katangar lambunsa, ga fitilar ba da hannu a mararraba. An shafa wa bakin titi fenti baƙi da fari, an lulluɓe turakun fitila da katifun kariya. Wuri ya yi tsit, sai muryar mai sharhi daga rediyon maƙwabcinka. Can sai ka jiyo kukan inji daga sama. Kafin ka juya kai babur ya sauko da gudun da ya haura kilomita 270, ya dira a kwarin gangaren har cikinsa na gogar kwalta, iskarsa ta bugi ƙirjinka, ya ɓace. Ka ƙirga goma, wani ya sake fitowa. A gadar Ballaugh kuwa, wadda ke da ɗan tozo a tsakiya, tayoyin biyu ne ke barin ƙasa, mahayi ya dira ya karkata ya bi ta gefen gidaje.

Waɗanda suka taɓa tsayawa a bakin teku nan Libreville suna kallon tseren kekuna na Tropicale Amissa Bongo, wanda aka fara a 2006, kuma Natnael Berhane na Iritiriya ya zama ɗan Afirka na farko da ya lashe shi a 2014, sun san yadda ake tare hanya kafin ayari ya iso. A Tsibirin Man abin ya fi haka tsanani nesa ba kusa ba. Kafin a saki babur ko ɗaya, sai 'yan sa-kai masu tsaron hanya sama da 500, sanye da riguna ruwan lemo, sun tsaya a wurarensu, kowa yana hangen na gaba da shi. Ga likitoci, ga jirage masu saukar ungulu a shirye. Idan hazo ya rufe dutsen har jirgin ba zai iya tashi ba, to babu tsere, komai yawan jama'ar da ta taru. Shi kansa sabon mahayi, komai ƙwarewarsa a wani wuri, sai ya shafe watanni yana haddace hanyar, sai ya samu lasisi na musamman, kuma zagayensa na farko a bayan jami'i zai yi shi, da gudun da aka ƙayyade masa.

[Kiɗa]

Jama'a masu sauraro, ba zan yi muku adalci ba idan na ɓoye ɗaya fuskar. Duk da wannan tsari, daga 1911 zuwa yau mahaya sama da 260 sun rasa rayukansu a wannan hanya, idan aka haɗa da na gasar Manx Grand Prix da ake yi a watan Agusta. A 2022 kaɗai mutum 6 ne suka rasu, ciki har da uba da ɗansa a babur guda. A 2007 wani haɗari ya ci mahayi da 'yan kallo biyu. Daga 1949 zuwa 1976 tseren yana cikin jerin gasar duniya, amma bayan rasuwar Gilberto Parlotti na Italiya a 1972, manyan mahaya irin su Giacomo Agostini suka ce ba za su sake hawa wannan hanya ba, daga baya aka cire ta daga jerin.

Gidan Dunlop na Ailan ta Arewa ya isa misali. Joey Dunlop ya ci tsere 26 a tsibirin, mutum ne mai kawaici da ya riƙa cika motarsa da kayan agaji yana kai wa gidajen marayu a Romaniya. Ya rasu a wani tsere a ƙasar Estoniya a 2000. Ƙanensa Robert ya rasu a 2008, ɗan Robert mai suna William ya rasu a 2018, dukansu a kan babur. Ɗaya ɗan Robert ɗin, Michael, shi ne ya zarce adadin baffansa a 2024, kuma shi ke riƙe da tarihin yawan nasara. Duk wanda zai je kallo ya san abin da zai je kallo ke nan. Idan zuciyarka ba ta natsu da shi ba, barinsa ba laifi ba ne, kuma wanda ke da shakka ta fuskar addini ya tambayi malaminsa kafin ya kashe ko sisi.

[Kiɗa]

Yanzu ga wanda ya ƙudurta zuwa. Mu bi abin daki-daki.

Na farko, lokaci. Gasar mako biyu ce. Makon farko na gwaji ne da neman gurbi, galibi da yamma, na biyu na tsere ne, a rufe da babban tseren Senior. Baƙi sama da 40,000 ke shiga tsibirin da mutanensa ba su kai 90,000 ba, don haka gado da kujerar jirgi su ne abin da ke fara ƙarewa. Kamfanin jiragen ruwa na Steam Packet, wanda ke aiki tun 1830, yana buɗe sayar da tikitin baɗi kusan shekara guda kafin lokaci, kuma mutane ba sa wasa da ranar. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Mai zuwa karon farko, ina ba shi shawarar ya haɗa ƙarshen makon gwaji da farkon makon tsere: cinkoso bai kai ƙololuwa ba, kuma zai ga kowane rukuni. Ya bar rarar kwana biyu ko uku, domin ruwa da hazo kan sa a ɗage tsere. Ya kuma duba kalandar Musulunci. A 2025 Babbar Sallah ta faɗo ranar 6 ga Yuni, ana cikin makon tsere. Magidanci ya san inda ya kamata a same shi ranar layya.

Na biyu, takardu. Bizar Birtaniya ta ziyara ake nema, ita ce ke shigar da mutum tsibirin. Bizar Faransa ko ta sauran ƙasashen Shengen ba ta aiki a can. Mai fasfon Gabon, da na Najeriya, da na Nijar, da na Kamaru, duk sai da biza, kuma shigar Gabon ƙungiyar Kwamanwel a 2022 ba ta ɗauke wannan ba. Ofishin jakadancin Birtaniya da ke Yawunde ne ke kula da Gabon. Ana cike takarda ta intanet a shafin gwamnatinsu, a biya kuɗin da ya haura fam 100 na bizar wata 6, shafin ya nuna wa mutum inda zai je a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. Ba a karɓar buƙata sai saura wata 3 ko ƙasa da haka a yi tafiya, wato daga watan Maris ke nan. Kun ga inda gizo ke saƙar: masauki na son a kama shi tun shekara guda, biza kuma ba ta fitowa sai daf da tafiya. Maganin wannan shi ne ka kama ɗaki da tikitin da za a iya soke su a maido maka kuɗinka, ko da sun ɗan fi tsada.

Abin da jami'in biza ke son gani shi ne kana da halin ɗaukar nauyin kanka, kuma kana da abin da zai dawo da kai gida: takardun banki na watanni, rajistar shago ko takardar wurin aiki, shaidar iyali. Ɗan kasuwar da ke juya kuɗinsa a hannu ya fara shigar da su banki tun yanzu, domin kuɗin da aka zuba dare ɗaya tuhuma yake jawowa. Takardun da ke cikin Faransanci sai an fassara su zuwa Turanci wurin mai fassara da aka amince da shi. Ku guji masu cewa suna da hanya. Takardar jabu guda ɗaya na iya jawo wa mutum haramcin shiga Birtaniya na shekara 10. 'Yan'uwanmu baƙi masu katin zama kuma, su leƙa hukumar shige da fice ta DGDI, wadda aka fi sani da CEDOC, su tabbatar katinsu ba zai ƙare suna waje ba, su kammala batun izinin fita da dawowa. Katin rigakafin shawara ya kasance tare da fasfo, domin ana nemansa wajen shigowa Gabon.

Na uku, hanya. Daga filin jirgin Léon-Mba ana iya bi ta Faris, tafiyar kusan awa 7, ko ta Casablanca, ko Addis Ababa, ko Santanbul, a sauka Landan ko Manchester. Mai fasfon Najeriya da zai bi ta Faris ya binciki batun bizar wucewa ta filin jirgi kafin ya biya kuɗin tikiti. Daga Ingila hanya biyu ce. Ko dai ƙaramin jirgin sama zuwa filin Ronaldsway da ke kudancin tsibirin, ko jirgin ruwa zuwa Douglas: daga Liverpool kusan awa 3, daga Heysham kusan awa 4. Mai tafiya da ƙafarsa, ba babur ba mota, ya fi saurin samun gurbi. Wanda ya taɓa shiga jirgin Port-Gentil ya san halin teku, ya tanadi maganin jiri.

Na huɗu, masauki da guzuri. Otal-otal kaɗan ne, kuma masu zuwa duk shekara sun riga sun kama. Akwai tsarin da gwamnatin tsibirin ta amince da shi, inda masu gida ke yin rajista su sauki baƙi a ɗakunansu. Akwai kuma filayen ƙwallo da ake mayarwa sansanin tanti, wasu har da tantin a kafe da gado a ciki. Kada ka tura wa kowa kuɗin ɗaki don kawai ka ga hoto a Facebook, bi ta hanyar da ke da rajista. Wajen lissafi, mu masu sefa mun san yuro ɗaya sefa 655.957 ne ba ya motsi, amma fam yana hawa yana sauka, don haka a ƙara wani abu a kan abin da aka ƙiyasta. Tsibirin na da nasa takardun fam, darajarsu ɗaya da na Ingila, sai dai shagunan Ingila ba su cika karɓarsu ba, a kashe su ko a canza kafin a fito. Inshorar lafiya kuwa wajibi ce, domin baƙo daga nan shi zai biya kuɗin asibiti idan wani abu ya same shi.

[Kiɗa]

To, Allah Ya kai ka lafiya, ga ka a Douglas. Agogonka ba sai ka taɓa shi ba, domin a wannan lokaci na shekara ƙarfe nawa a Libreville, ƙarfe nawa a can. Amma rana ba irin tamu ba ce. Mu da ke kan tsakiyar duniya mun saba da awa 12 dare, awa 12 rana. A can, a watan Yuni, rana na fitowa kafin ƙarfe 5 na asuba, ba ta faɗuwa sai bayan 9 da rabi na dare. Asuba na zuwa da wuri ƙwarai, Isha'i na yin nisa, saboda haka ka nemi jadawalin sallah na 'yan'uwa Musulmi da ke Douglas, waɗanda ba su da yawa amma suna da wurin sallarsu. Alƙibla ma ta sauya: nan arewa maso gabas muke fuskanta, can kudu maso gabas ne. Hukuncin ƙasaru da haɗa salloli, a tambayi malam tun a gida.

Sanyi kuma, kada sunan bazara ya ruɗe ka. Ma'aunin zafi kan tsaya tsakanin 10 da 16, a kan dutse ya fi haka sauka, ga iska ga yayyafi. Ka tafi da rigar sanyi, da rigar ruwa, da takalmi mai rufi. Abinci, naman alade ya yawaita a karin kumallonsu, sai an yi tambaya. Kifi ne mafita, kuma garin Peel ya shahara da bandar kifi. Soket ɗinsu mai baki uku ne irin na Najeriya, cajar Gabon mai baki biyu ba ta shiga sai da mahaɗi. Motoci ta hagu suke bi, saɓanin namu, don haka wajen ƙetare titi dama za ka fara dubawa.

Kallo a yawancin wurare kyauta ne. Ana biya ne a rumfunan zama, kamar babbar rumfar wurin tashi, ko harabar cocin Braddan inda ake jera kujeru ana sayar da shayi. Bayan babbar rumfar akwai sansanin mahaya, shiga kyauta, inda makanike zai ga yadda ake kwance inji a ɗaure, kowane sifana a mazauninsa. Mai son kallon kan dutse ya hau jirgin ƙasa mai lantarki daga Douglas zuwa Laxey, daga nan ya hau na dutsen, wanda ke aiki tun 1895, ya sauka a Bungalow, inda mutum-mutumin Joey Dunlop yake. Ka isa wurinka kafin a rufe hanya, da ruwanka da abincinka da abin toshe kunne da 'yar rediyo, domin wasu wuraren idan an rufe ba fita sai an buɗe.

Ga dokokin da ba a sassauci a kansu. Da zarar an rufe titi, taka shi laifi ne da kan kai mutum kotu, tara ko ɗauri. Inda aka kafa alamar hani, ba a tsayawa. Ba a miƙa hannu ko waya a kan titi don ɗaukar hoto. Abin da mai rigar ruwan lemo ya ce, shi ke nan. Kuma kada sha'awa ta ɗebe ka ka yi hayar babur ka bi hanyar dutsen a ranakun hutu. Ana mayar da ita hannu ɗaya a lokacin gasar, baƙi kan cika ta suna gwada gudu, kuma ana samun munanan haɗurra a cikinsu. Kai da ba ka saba da hannun hagu ba, bas da jirgin ƙasa sun ishe ka.

Wanda bai samu gurbi a watan Yuni ba, akwai gasar Southern 100 a watan Yuli kusa da Castletown, akwai Manx Grand Prix a watan Agusta a kan hanyar dutsen, duka da sauƙin cinkoso. Wanda kuma lissafinsa bai kai ba, ko akwai bashi a kansa, ko kuɗin makarantar yara na jiransa, to tun 2022 ana nuna tseren kai tsaye ta intanet da kuɗi kaɗan. Ku haɗu a gidan ɗayanku ku kalla. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

[Kiɗa]

Kafin mu rufe, maganata da ku ce, ƙannena matasa. Mahayin da kuke gani a bidiyo sanye yake da hular kwano mai inganci, da rigar fata daga wuya har idon sawu, da kariyar baya da ƙirji. Titinsa a rufe yake, ba tasi, ba yaro mai tsallakawa, ba mai talla. Mutum sama da 500 na tsaronsa, likita na jiransa. Duk da haka ana mutuwa. To ina ga wanda ya murɗa totur a kan Voie Express ko hanyar PK nan Libreville da silifa a ƙafarsa, kai ba hula, ya goyo abokinsa? Ina ga masu wasa da babur a ayarin ɗaurin aure, a Kano ko Zariya ko Maraɗi, ana ɗaga ƙafar gaba a tsakiyar jama'a? Gidaje nawa ne biki ya koma musu zaman makoki ta wannan hanya?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Nahiyarmu ta Afirka ce ta fi kowace yawan mace-macen idan aka kwatanta da yawan jama'a. Hukumar ta ce hular kwano da aka sa daidai, aka ɗaure igiyarta, na rage haɗarin mutuwa fiye da sau 6, ta rage raunin ƙwaƙwalwa har zuwa kashi 74 cikin 100. Hular da aka rataye a madubi ko aka ɗora a kai ba ɗauri ba ta cikin wannan lissafi.

Don haka abin da nake roƙo a gare ku kaɗan ne, kuma a hannunku yake. Wanda ke da babur ya sayi hula biyu, tasa da ta wanda zai goya. Ya duba birki da taya da fitila kafin ya fita. Iyaye, kada a miƙa makulli ga yaron da bai da lasisi. Shugabannin unguwa da limamai, a sa baki a hana wasa da babur a bukukuwa. Masu sha'awar tsere da gaske kuma, ku haɗa kai ku kafa ƙungiya, ku tunkari hukuma a ba ku fili da rana da motar asibiti, kamar yadda mutanen wancan tsibiri suka fara da neman doka kafin su tayar da inji.

Wanda zai yi tafiya, Allah Ya kai shi lafiya Ya dawo da shi lafiya, ya kuma dawo cikin wa'adin bizarsa, domin ya bar ƙofa a buɗe ga na bayansa. Allah Ya kiyaye mu da iyalanmu a kan hanyoyinmu, Ya jiƙan waɗanda haɗari ya ɗauke mana. A nan za mu dakata. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. 

[Kiɗan rufe shiri]